Jarkar Surukina a Bad Godesberg

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Madain Fahd a Jidda, mu uku: ni da surukina da ƙanin matata. Kayanmu ba su taka kara sun karya ba in ka cire keken guragu da jarkoki biyu na ruwan Zamzam da aka naɗe da leda aka ɗaɗɗaure da igiya. Tsohon bai yarda an ɗaga shi zuwa mota ba sai da aka nuna masa inda aka ajiye jarkokin. Watan Mayun 2008 ne, zafin Jidda ya fara nuna hali, ni kuma ina ta gumi cikin rigar sanyin da matata ta tilasta mini sakawa tun daga gida.

Ku da kuka dame ni da "ba mu labarin Jamus", to ga shi. Amma ku sani ba yawon buɗe ido na je ba, jinya na je, kuma har yanzu gajiyar ba ta sake ni ba.

Surukina haifaffen Makka ne. Mahaifinsa a ƙasa ya tako daga Damagaram, kuma bai sake komawa ba. Shi surukin nawa, da muke kira Baba, tun yana saurayi aikinsa shayar da alhazai: ya cika tulunan ƙasa da Zamzam, ya saɓa a kafaɗa, ya bi gidajen da aka sauke baƙi. Ko da ya bar aikin ya dawo Jidda ya buɗe shago, bai bar ruwan ba. Duk mako sai an je Makka an ciko masa. Shi yake sha, da shi ake dafa masa shayi, da shi yake haɗiye magani. Cewa yake sauran ruwa kwanta masa yake yi a ciki. Shekara biyu da suka wuce ƙugunsa ya lalace ya koma kan keke, kuma babu abin da ke ci masa rai kamar a tura shi ɗawafi yana zaune. Likitocin Jidda suka ce a kai shi Jamus a sauya masa ƙashin. Burinsa ɗaya ne, ya kewaya Ka'aba da ƙafarsa ko da sau ɗaya ne kafin ya mutu.

Ni Turanci nake koyarwa a wata makaranta a unguwar Bani Malik, shekara goma sha shida rabona da zaman Gusau. Turancin nan ne ya ja mini, domin 'ya'yan Baba Larabci suka iya, Hausar ma sai ana lallaɓawa. Abin da ba wanda ya yi tunani a kai shi ne surukuta. Shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa shan ruwa yana gani ba, ban taɓa ɗaga ido na kalli ƙwayar idonsa ba. In na je gaisuwa durƙusawa nake daga bakin ƙofa, ya ce "Malam, ya iyali?", in ce lafiya, in fice. Yanzu ga mu jere a jirgi, kafaɗa na gogar kafaɗa. Awa shida muka yi a sama, aka kawo abinci sau biyu, sau biyu na ce na ƙoshi, cikina kuwa sai ƙugi yake.

A Frankfurt muka sauka, kuma a can tafiyar ta fara nuna mana fuskarta. Da kaya suka fito, jarka ɗaya ta zo lafiya, ɗayar kuwa ta fashe daga gindi, sai ɗan abin da ya taru a cikin ledar. Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi a kawo masa ledar, ya tsoma hannu biyu a ciki, ya shafe fuskarsa da kansa, ya ce, "Halas. Yalla, mu tafi." Muka lissafa cewa kwana goma za mu yi, jarka ɗaya za ta isa in an bi a hankali.

Wani Bamaroke ne ya ɗauke mu a mota zuwa Bonn, tafiyar kusan awa biyu. Titin sumul, motoci na wucewa kamar an harbo su, amma ko ƙaho ɗaya ban ji ba. Wanda ya saba da tuƙin Jidda sai ya ji kamar kunnensa ne ya toshe. Hagu da dama kore ne shar, har sai da idona ya gaji da shi.

Unguwar da muka sauka sunanta Bad Godesberg, a kudancin Bonn, tsakanin tsaunuka da kogin Rhine. Muna shiga babban titinta ƙanin matata ya zungure ni ya ce, "Ustaz, anya mun bar Bagdadiyya kuwa?" Yana da gaskiya, sai ka ce unguwar nan ta Jidda. Shaguna da rubutun Larabci, mata cikin abaya suna tura kekunan marasa lafiya, ƙamshin turaren wuta na fitowa daga wata ƙofa. Ashe Larabawan yankinmu sun mai da unguwar gidan jinya. Muka kama ɗakuna biyu a hawa na biyu na wani tsohon bene, mai lif ɗin da ke ɗaukar keke da mutum ɗaya kawai, shi ma sai ya tsuke ciki.

Game da tsada kuwa, abin da zan ce shi ne kwalbar ruwa a kanti ta fi litar fetur tsada a Jidda, nesa ba kusa ba. Ranar farko na sayo kwalabe shida na ɗauko su da ƙyar, ina buɗe ɗaya ta yi tsuwwa ta feso mini a fuska, ashe mai iska ce. Burodinsu in ba ka yi hattara ba sai ya tafi da haƙorinka. Ranar Lahadi kuma garin rufewa yake yi ruf, mun koyi wannan ne da yunwa. Ni dai a tsaye nake cin abincina a kicin, ƙofa a rufe, ina tauna a hankali kada Baba ya ji.

Kwana na uku aka yi masa gwaje-gwaje. Likitar, wata mace doguwa mai magana kai tsaye, ta ce ƙodarsa ta gaji, jikinsa ya bushe, kuma ba za ta bari a shiga da shi tiyata a haka ba. Sai ya riƙa shan ruwa kamar lita biyu kowace rana har gwajin ya gyaru. Na juya na fassara masa, kaina a ƙasa. Ya kalli silin. Na san lissafin da yake yi. In ya sha lita biyu a rana, jarkar ba za ta kai mako ba. Maimakon ya ƙara sha, sai ya rage. Ƙaramin kofi uku a rana, ɗaya da safe, ɗaya da azahar, ɗaya da magariba. Ruwan famfo da na kwalba kuwa ko kallonsu ba ya yi.

Sau biyu ana yi masa ƙarin ruwa ta jijiya, gwajin ya ɗan taso, kwana biyu ya sake komawa. A ƙarshe likitar ta ce ta ba mu mako ɗaya. In bai gyaru ba, mu koma gida, domin ba za ta yanka mutumin da ba zai sha ruwa bayan aiki ba. Muka bi shagunan Larabawa kaf, ba mu samu wanda Baba zai yarda da shi ba. Wani Bakuwaite mai jinyar matarsa ya sam mana rabin kwalba, Allah ya saka masa. Muka buga waya Jidda, aka ce in an aiko ta jirgin kaya sai ya wuce mako biyu. Ɗansa ya yi masa magana har ya gaji. Ni kuwa ba ni da bakin yi wa suruki gardama.

A kwanakin nan ne na san unguwar, ba don sha'awa ba, don in samu inda zan ci tuffa ɗaya in sha iska ba tare da kunya ba. Na samu wani ɗan littafi na Turanci a ofishin baƙi, shi ya zame mini ɗan jagora.

Abin da za ka fara gani ko daga ina ka tsaya shi ne hasumiyar Godesburg, zagayayya, a kan wani tsauni a tsakiyar gari. Na hau ranar da ban yi niyya ba, ƙafafuna suna ciwo saboda turin keke a kan titunan duwatsu. Littafin ya ce wani babban limamin cocin birnin Köln ne ya gina ta da ganuwar da ke kewaye da ita kusan shekara ɗari takwas da suka wuce, lokacin da limamansu ke riƙe da sarauta da mayaƙa. A 1583 rikicin addini ya ɓarke tsakaninsu, aka yi wa ganuwar ƙawanya, aka kasa shiga, sai aka haƙa rami a ƙarƙashinta aka cusa albarushi aka tarwatsa ɓangare guda. Duk da haka, wai sai ta hanyar masai wasu mayaƙan suka kutsa ciki. Na zauna a kan wani dutse ina haki ina tunanin wanda aka ce ya shiga gaba. Yanzu gidan cin abinci ne a cikin kangon, ana biki a wurin. A gangaren akwai ƙaramin coci da maƙabarta mai tsafta, furanni a kan kowane kabari, har da bokitan ban ruwa a rataye a jere.

Daga saman kana hango unguwar duka. Da can gari ne mai zaman kansa, sai a 1969 aka haɗe shi da Bonn, kuma na lura har yau tsofaffinsa ba sa cewa su 'yan Bonn ne. Lokacin da Bonn ke babban birnin ƙasar, a nan yawancin ofisoshin jakadanci suke, an ce har da namu. Da gwamnati ta kwashe ta koma Berlin, suka bi ta. Na bi layukan manyan gidajen nan masu lambu, na ga sandunan tuta tsaye ba tuta, ɗakunan masu gadi da gizo-gizo ya yi saƙa a tagoginsu, da alamar inda aka ɓamɓare allon suna daga bango. Wasu an gyara an zuba 'yan haya, wasu suna nan a kulle. Ban san dalili ba, amma wurin ya sa ni baƙin ciki. Wataƙila don ni ma zaman iƙama nake yi, wato zaman baƙo da takardar izini, na san yadda wuri yake idan waɗanda suka cika shi suka tattara.

Sai kuma abin da ya ba garin suna. Kalmar "Bad" a harshensu ana liƙa ta ne ga garin da ke da ruwan magani. Akwai wani marmaro a bayan gari da ake kira Draitsch, an ce tun zamanin Rumawa ake sha. Wani basarake ne, shekaru ɗari biyu da wani abu da suka wuce, ya gyara shi, ya shuka lambu, ya gina wani dogon zauren raye-raye da ake kira Redoute, don masu kuɗin da ke zuwa shan ruwan su samu abin yi da yamma. Zauren yana nan har yanzu, tsaf da shi, yana kallon lambun. Marmaron kuwa yanzu 'yar rumfa ce ta gilashi a ƙarshen wani titi mai bishiyoyi. Wata tsohuwa ce ke tsaye a ciki tana zuba wa mutane. Na ba da 'yan sulalla na karɓi tambulan ɗaya. Ruwan yana da iska kaɗan, da gishiri-gishiri, da wani nauyi a harshe. Ina haɗiyewa na ji ya tuna mini da wani abu.

Kuskurena shi ne da na koma na gaya wa ƙanin matata cewa ɗanɗanonsa ya yi kama da na Zamzam. Idonsa ya buɗe. A lokacin abin da ya rage a jarkar bai fi lita biyu ba, kuma kwana biyar ya rage a sake gwaji.

"Ya Ustaz, ai shi ke nan," ya ce. "Ka ciko, mu bar shi a buɗe iskar ta fita, mu juye a jarkar. Mu ce Bakuwaiten nan ne ya ƙaro mana. Ma fi mushkila, ba matsala. Ai ko ɗigon Zamzam ya shiga ruwa, albarkar ta shiga."

Na ce, "Mutumin da ya yi shekara ashirin yana saɓa tulun? Zai gane."

"Baba ya tsufa, wallahi ko gishirin miya ba ya ji. Kana so mu mai da shi Jidda a keke?"

Ba na so. Na gaji, shi ma ya gaji, kuma kullum in na buga waya matata kuka take yi. Washegari da safe na ɗauki kwalabe huɗu na je na ciko, na ɗauko su a kafaɗa har gida. Muka bar su a buɗe a kicin har la'asar. Ni da hannuna na juye su a jarkar, a kan ɗan Zamzam ɗin da ya rage. Ni kuma na zuba a kofi, na durƙusa, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya juya keken ya fuskanci alƙibla kamar yadda ya saba, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Bai haɗiye da wuri ba. Da ya haɗiye sai ya ajiye kofin a kan tebur a hankali.

"Wa ya zuba?"

Ɗansa ya buɗe baki zai kawo maganar Bakuwaite, Baba ya ɗaga masa hannu.

Na ce, "Ni ne, Baba."

"A jarkar ka zuba, ko a kofin kawai?"

"A jarkar."

Ya kalli jarkar. Sannan ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, lokacin da yake aikin tulu akwai ranakun da layi ke yin tsawo a rijiya, alhazai na jira, kuma kowa ya san in ka ƙara ruwan gari a tulu ba baƙon da zai gane. Mai gidansu ya taɓa kama wani ya yi haka. Bai doke shi ba, bai zage shi ba, tulun kawai ya karɓa ya fasa a gabansa, mutumin bai sake aikin ba.

"Mutum ya taho daga ƙarshen duniya, ya miƙo hannu, ya rufe ido," in ji Baba. "Ba ruwan ya saya ba, Malam. Maganarka ya saya."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Daga wannan rana bai sake karɓar komai daga hannuna ba. Magani sai ɗansa, turin keke sai ɗansa. In na gaishe shi ya amsa, iyakarta ke nan. Jarkar kuwa ya ce a ɗauke ta daga gabansa. Wato da muna da lita biyu, yanzu ba mu da ko ɗigo. Kwana guda cur ba abin da ya wuce maƙogwaronsa sai ruwan lemon zaƙi biyu da ɗansa ya matse masa. Leɓensa ya tsattsage. Na zauna a kicin na rasa abin da ke mini daɗi, ina ganin na kashe wa mutum ɗawafinsa da hannuna.

Kwana uku ya rage a yi gwaji, da hantsi, sai na ji ya kira ni. Na zo na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ruwan nan ba na famfo ba ne," ya ce, yana kallon taga. "Daga ƙasa ya fito, kuma daga nesa. Ina ka samo shi?"

Na gaya masa duk abin da na sani, da Rumawa, da basaraken, da tsohuwar. Ya ce a kai shi ya gani.

Ɗansa ya tura shi, ni ina gaba ina nuna hanya. Titin yana da ɗan hawa, ga yayyafi. Da muka isa, Baba ya ce a ajiye shi a gefe, kada a ce komai. Ya fi rabin awa yana kallon tsohuwar nan. Tana ɗauraye tambulan, ta bar ruwan ya ɗan zuba kafin ta tara, ta ɗaga shi wajen haske ta duba, ta goge gindinsa da tsumma, sannan ta miƙa. Kowa haka take yi masa, ba gaggawa. Wani dattijo ya zo a keke da kwalabe a kwando, ya cika, sannan ya karɓi tambulan ɗaya ya sha a tsaye, idonsa a rufe.

Baba ya yafito ni. "Tambaye ta shekararta nawa a nan."

Turancinta kaɗan ne, amma mun fahimci juna. Ta ce ta daɗe, tun gashinta bai yi fari ba. Ya ce in tambaye ta ko ɗanɗanon yana canzawa in an yi ruwan sama da yawa. Ta kalle shi da mamaki, ta ce ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, kuma a'a, daga can ƙasa sosai yake fitowa, ruwan sama ba ya kai masa. Baba ya gyaɗa kai kamar wanda ɗalibinsa ya ci jarrabawa. Sannan ya ce in gaya mata shi ma aikinsa ke nan a da, a wata rijiya a Makka. Ban san ko ta san rijiyar ba. Ta dai dafa ƙirjinta, ta ɗauko tambulan, ta ɗauraye shi sau biyu, ta cika, ta fito daga rumfar da kanta ta miƙa masa. Na zaro sulalla ta girgiza kai.

Na lura bai nemi alƙibla ba, bai kuma yi addu'ar da yake yi wa Zamzam ba. Bisimilla kawai ya yi, ya sha a numfashi uku. Ya yamutsa fuska.

"Yana da tsatsa," ya ce. "Amma ruwan gaskiya ne. Su ma Allah ya ajiye musu nasu. Ce mata ta ƙaro."

Na gudu asibiti na tambayi likitar. Ta yi dariya, ta ce na marmaron gishirinsa ya yi yawa, tambulan biyu a rana ya isa, sauran ya sha na famfo. Na zaci nan za a sake tsayawa, sai Baba ya kawo sharaɗinsa: zai sha kowane ruwa, amma kowanne a kwalbarsa, kuma a rubuta sunansa a jiki. Muka samo alƙalami mai kauri. Wannan "famfo", wannan "rijiyar tsohuwa". Ya ce a ɗauko jarkar nan ma. Da hannunsa ya rubuta mata "makhluɗ", wato gauraye, kuma ya riƙa shan tambulan biyu daga cikinta kullum har ta ƙare tas, yana zaune, bai fuskanci ko'ina ba.

Gwajin ya fito da kyau. Ranar da aka shiga da shi tiyata na zauna a benci a bakin kogi, ina kallon jirgin fito yana kai motoci tsallake yana dawowa, da dogayen jiragen kaya suna jan jiki, da tsaunukan da ke can ƙetare. Kowa ya ce in hau jirgin in je in gani, ban je ba. Barci ne ya ɗauke ni a zaune, har wata mata mai kare ta taɓa ni ta tambaya ko lafiya.

Bayan aikin muka ƙara mako uku ana koya masa tafiya. Kullum da safe mu kai shi bakin kogi, ya yi taku goma da sanduna biyu, gobe goma sha biyar, yana zagin sandunan da Larabci. Duk bayan kwana biyu mu leƙa wajen tsohuwar, su gaisa da kai, ba mai jin yaren wani. Ya koma karɓar abu daga hannuna, ya koma ce mini "Malam, ya gajiya?" Amma akwai abin da ya rage. Duk abin sha da na miƙa masa, ko da sunan yana rubuce ɓaro-ɓaro a kwalbar, sai ya fara taɓa shi da harshe, ya ɗan jira, sannan ya sha. Ɗansa, wanda shi ya kawo shawarar, ba ya yi masa haka. Sau ɗaya ban taɓa yin ƙorafi ba, don ni na zuba, amma kullum sai abin ya soke ni.

Mun tafi da niyyar kwana goma, mun yi mako shida. Kafilina, wanda ya tsaya mini a takardar zama, har ya fara bugo waya. Ranar dawowa tsohuwar ta ba Baba kwalba ɗaya, ya sa aka rubuta sunan aka cusa a tsakiyar kayansa. Da aka buɗe ƙofar jirgi a Jidda, hucin nan mai ɗanƙo ya dake ni a fuska, ban taɓa zaton zan yi murna da shi ba.

In kun tambaye ni me na gani a Jamus, na ga unguwa ɗaya, kuma yawancinta daga bayan keken guragu na gan ta. Na ga ganuwar da aka tarwatsa ta zama wurin biki, na ga gidajen jakadu sun zama kango, na ga 'yar rumfar ruwa ta fi su duka daɗewa. Abin da na koyo kuwa ba a littafin nan yake ba. Na ɗauka Baba taurin kai ne da shi a kan ruwa, na yi masa dabara irin wadda ake yi wa yara da magani. Ashe da na durƙusa tun farko na gaya masa gaskiya, da mun huta. Kunyar suruki ta hana ni yi masa gardama, amma ba ta hana ni yi masa ƙarya ba, kuma wannan har yanzu ina jin nauyinsa. Ɗawafin bai yi ba tukuna, likita ta ce sai bayan wata uku, amma yana takawa daga ɗakinsa zuwa ƙofar gida, kuma ya riga ya sa an wanke masa haraminsa.

Da muka isa Madain Fahd gidan cike yake da 'yan sannu da zuwa. An ciko sabuwar jarka daga Makka tun jiya. Babban ɗansa ya ɗauko kofi zai zuba, Baba ya ce, "Bari. Malam, zo."

Na taso daga bakin ƙofa, kowa na kallona. Na zuba, na durƙusa na miƙa. Ya dogara sandunansa ya miƙe tsaye, ya juya ya fuskanci alƙibla. Ina kallon bakinsa ta wutsiyar ido, ina jiran harshen ya fito. Ya rufe ido, ya kafa kai, ya shanye.

Ya miƙo mini kofin ya ce, "Zuba ka sha."

Na zuba, na juya zan ba shi baya kamar yadda na saba.

"A nan," ya ce.

Na sha a gabansa.